Shekarar da Ban Ɗauki Abbanku Aiki Ba

Na san abin da aka gaya muku. A gidan biki da gidan suna, har daga bakin wasu gwaggwanninku, kun ji an ce uwarku ce matar da mijinta ya zo neman aiki a hannunta ta hana shi, ta ba wani. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku. Ke Sadiya kina da wayo a lokacin, kin ga abin da kika gani kin yi shiru. Mukhtar da Ummi kuwa labari kawai suka tarar. To yanzu da na ajiye aiki, gwiwoyina suka hana ni hawa benen ofis, zan faɗa muku yadda aka yi. Maganar mutane gaskiya ce, amma rabinta suka riƙe.

Sai na fara da yadda na shiga wannan sana'a, domin har yau in aka tambayi Mukhtar aikin me uwarsa take yi, cewa yake, ai intabiyu take yi wa mutane. A Fagge aka haife ni, a gidan kakanku Baba Malam, wanda ya yi magatakardan kotu har ya yi ritaya. Da na gama karatu na samu aiki a wani kamfanin sabulu a Bompai, a ofishin kula da ma'aikata. A can na ga yadda ake ɗaukar mutane: a shigo da mutum, a jefa masa tambayoyi da Turanci, wanda bakinsa ya fi zaƙi ko wanda ya zo da gaisuwar wani babba shi ne ya ci. Bayan 'yan watanni a dawo ana kuka da shi, a sallame shi, a sake ɗauko wani ta wannan hanyar dai. Shugabata a ofishin ita ce Madam Chinyere, wadda kuke kira Mama ta Sabon Gari. Iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma a Sabon Gari aka yanke mata cibi, Hausa kuwa a bakinta kamar jakin Kano. Ita ce ta fara ce mini:

"Bilki, wannan ba ɗaukar ma'aikata muke yi ba, caca muke yi. Ko tukunya za ki saya, ai sai kin ƙwanƙwasa ta kin ji ƙararta."

Mun daɗe muna wannan hira kafin mu yi ƙarfin halin ajiye aikin kamfani. Muka kama ɗaki a saman wani shagon kayan gyaran mota a Sabon Gari, inda ƙarar guduma ba ta tsayawa sai ranar Lahadi. Aikinmu shi ne mai kamfani ko mai shago ya kira mu, mu zauna da shi mu fahimci ainihin abin da yake so a yi masa, sannan mu tsara yadda za a gwada masu nema. Hira kaɗai ba ta wadatar da mu. Mai neman aikin sito, a sito za mu gan shi. Mai neman sayar da kaya, sai mun tsayar da shi gaban mai saye na gaske. Kowa tambaya iri ɗaya, gwaji iri ɗaya. Muka kuma yi wa juna alkawari cewa in ɗayarmu ta san mai nema, to ta tashi ta bar wa 'yar'uwarta. Da farko dariya ake yi mana. Wani attajiri ya ce mini shi in ya kalli idon mutum ya gama karanta shi, me zai yi da mata biyu? Amma sannu a hankali aka fara kiranmu, yau gidan burodi, gobe ƙaramin asibiti, jibi makaranta.

A wannan tsakanin ne masaƙar da Abbanku yake aiki ta rufe. Ku ba ku san shi a wancan zamanin ba. Shi ne shugaban masu kula da injinan saƙa, in inji ya canja murya daga bakin ƙofa yake ganewa. Rana ɗaya aka sa kwaɗo a ƙofar masaƙar, maza magidanta suka tsaya cirko-cirko a titi. Tun daga nan kullum da safe sai ya yi wanka ya sa hula ya fita kamar mai zuwa aiki, ya dawo bayan la'asar takalminsa ya yi buɗu-buɗu, ba ya cewa komai, ni ma ba na tambaya. Kakarku Inna tana tare da mu a gidanmu na Rijiyar Lemo. Ina so ku riƙe wannan: Inna ba ta taɓa ƙina ba. Ita ta kula da ni a jegon kowannenku, ita ta tsaya mini sa'ad da dangi suka ce matar aure ba ta da abin yi a saman bene a Sabon Gari. Amma uwa ce, tana kallon ɗanta yana ramewa a gabanta.

Ana nan sai ga babban aikin da muka daɗe muna roƙon Allah. Alhaji Ɗanlami, wani babban dilan atamfa da shadda a kasuwar Kwari, ya buɗe sabon sito da shago a Fagge, yana neman manajan da zai riƙe masa wurin, ya tarbi fatake masu zuwa daga Nijar da Chadi, ya kula da masu sayarwa. 'Yan kasuwa da yawa sun zuba ido su ga yadda za mu yi da shi. Ranar da aka sa masu nema su zo, na hau bene da safe na tarar da su jere a kan benci. A can ƙarshe, sanye da farar shaddarsa ta Juma'a, ga Abbanku. Da safen nan ni na zuba masa koko, bai ce mini uffan ba. Ya miƙe tare da sauran, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce:

"Barka da asuba, Hajiya."

Na shige ciki na rufe ƙofa, na jingina da ita. Madam ta ɗago kai ta ce ta gan shi tun kafin in iso. Na ɗauki jakata na ce mata alkawari alkawari ne, aikin nan ya zama nata ita kaɗai. Na sauka ta matakalar baya don kada in sake bi ta gaban bencin.

Da aka gama gwajin, Madam ta zaunar da ni ta ba ni labari ba tare da ta rage komai ba. Ta ce a lissafin kaya da tsarin sito Abbanku ya yi daidai gwargwado. Amma da aka tsayar da shi a shago, wata Hajiya 'yar Agadas ta zo sayen shadda, ya ɗauko turmi ɗaya zai nuna mata, sai ya tsaya yana duba saƙar, yana ɗaga ta ga haske, yana murza zaren da yatsa, ya manta da matar tana tsaye. Da ta taya, ya faɗi kuɗi sau ɗaya ya yi shiru. Ta yi wasa, bai yi dariya ba; ta yi kamar za ta tafi, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Kafin azahar ya riƙe kai yana neman wurin zama. Wanda ya fi kowa kuwa wani ne mai suna Obinna, haifaffen Sabon Gari, wanda ya taso a shagon yadin kawunsa. Shi wannan ya zaunar da Hajiyar, ya sa aka kawo mata ruwa, ya tambayi lafiyar hanya, suka yi ciniki kamar 'yan uwa, ta tafi da kaya tana sa masa albarka. Ban yi mamaki ba. Na san mutumin da nake aure: ko cefane aka aike shi, abin da aka faɗa masa shi yake biya don kawai a bar shi ya tafi.

Tunda mu biyu ya ba aikin, tare muka je Kwari mu kai wa Alhaji Ɗanlami sakamako. Ashe labari ya riga mu. Ko zama ba mu gama yi ba ya ce:

"Haba Hajiya! Ashe maigidanki yana ciki, kika yi shiru? Ai da kin faɗa da ba a wahalar da kowa ba. Malam Aminu mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Na ba shi. Wancan ɗin a nema masa wani abu daga baya."

Na dubi Madam. Ta san halin da gidana yake ciki fiye da kowa, domin sau da yawa ta ga na zo ofis idanuna a kumbure. Ta matso kusa da ni ta ce a hankali:

"Ni na yi nawa, na faɗi abin da na gani. In kin karɓa ba zan taɓa yi miki gori ba, Allah ne shaidata. Ke za ki faɗa."

Da ta matsa mini, da abin ya zo mini da sauƙi. Na zauna tsakanin dilolin atamfa, hayaniyar kasuwa tana shigowa, ina jin kamar a ce kalma ɗaya kawai, na gode, shi ke nan gidana ya huta. Amma sai na hango abin da zai biyo baya. Na hango Abbanku tsaye a shagon nan daga safe har yamma yana yin abin da ransa ya tsana, masu saye suna zamewa zuwa maƙwabta, Alhaji yana jin nauyin korarsa saboda ni, ma'aikata suna raɗa cewa albarkacin matarsa yake ci. Na san wannan zai kashe shi a tsaye fiye da zaman gida. Na kuma tuna mutanen da suka zauna a kan bencin nan sun yarda cewa a wurinmu ba a duba ɗan wane ne. Na ce:

"Alhaji, Allah ya saka da alheri, na ga karamci. Amma ka kira mu ne mu nemo maka wanda zai riƙe maka shago, kuma mun samo shi. Obinna ne. In na ce maka wani ne, na ci amanarka."

Ya girgiza kai ya ce shi dai bai taɓa ganin irin wannan ba, amma tunda haka na ce, a turo masa mutumin.

Ban bari Abbanku ya ji a bakin kowa ba. Da na koma gida na same shi a tsakar gida yana gyara rediyon Inna. Na durƙusa na faɗa masa duka, har da tayin Alhaji da amsar da na bayar. Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Wato an ba ni, ke kika mayar."

"Ni na mayar, Abban Sadiya."

"Duk zaman da muka yi, abin da kika gani ke nan, ban isa ba."

"Ban ce ba ka isa ba. Na ce ba wurinka ba ne."

Ya sa takalmi ya tafi masallaci. Inna kuwa tana bakin ƙofarta ta ji komai. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini. Ta ce:

"'Yar nan, abinci ya zo har bakin ɗana kika ture. Kuma kika yarda da maganar abokiyarki, ita ta gwada, ɗan unguwarsu ya ci. Ke ba ki ga komai a nan ba?"

Na ce mata Madam ba ta taɓa ganin Obinna ba kafin ranar, kuma ita ce ma ta ce in karɓa in ina so. Inna ba ta saurara ba. Kafin mako ya zagayo ta haɗa kayanta ta koma gidan Baffanku Sani a Kwaciri. Ke Sadiya kin tuna, ke kika riƙe mata zani kina kuka a bakin adaidaita sahu.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a aurena. Abbanku bai taɓa zagina ba, bai ƙi cin abincina ba, amma maganarmu ta koma ina kwana da sai da safe. Dangi suka daina sanar da ni sha'ani sai an gama. A waje kuwa abin mamaki, labarin ya bazu a Kwari, 'yan kasuwa suka fara hawa benenmu suna cewa su matar nan suke nema wadda ko mijinta ba ta ɗaga wa ƙafa ba. Duk wanda ya faɗi haka yana yabo, ni ji nake kamar ya watsa mini barkono. Da abin ya ishe ni na tafi Fagge wurin Baba Malam, ina tsammanin shi da ya yi rayuwarsa a kotu zai ce na kyauta. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi, sannan ya ce:

"Alhaji kin ba shi haƙƙinsa. Wancan bawan Allah kin ba shi nasa. Shi mijinki me kika ba shi? Kin ce masa nan ba wurinsa ba ne. To ina ne wurin nasa? Ba sana'arki ke nan ba?"

Na dawo gida ina juya maganar. Akwai tambayar da nake yi wa duk wanda ya zauna a gabana a ofis, amma ban taɓa yi wa mutumin da nake kwana gida ɗaya da shi ba, don ina ganin na riga na san shi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na kai masa abinci, maimakon in tashi sai na zauna. Na ce ina da tambaya ɗaya, in ya ga dama ya amsa.

"Wane aiki ne in kana yinsa kake manta ba ka ci abinci ba?"

Can sai ya fara magana, ba ni yake kallo ba, bango yake kallo. Ya ba ni labarin wani inji da ya tsaya a masaƙa, aka ce sai an kira masu shi daga ƙasar waje, shi kuwa ya kwance shi gaba ɗaya ya shimfiɗa a ƙasa, ya gano wani ɗan ƙarfe da ya lanƙwashe, ya mayar da komai, injin ya tashi. Yana faɗa hannuwansa suna motsi kamar abin yana gabansa. Rabona da in ga fuskarsa haka tun kafin a rufe masaƙar. Da ya gama ya ce, amma ina amfani, masaƙu sun mutu. Na ce masaƙu sun mutu, amma injina ba su mutu ba. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma kada wani ya ce muku ni na samar masa sana'a. Shi ya fita da ƙafarsa ya zaga layukan teloli na Fagge. A lokacin an fara shigo da manyan injinan aikin wuyan riga masu kwamfuta, in ɗaya ya lalace sai tela ya zauna yana jiran mai gyara daga Legas, kayan mutane suna jibge. Ya roƙi wani tela ya bar shi ya duba nasa da ya daɗe a rufe. Ranar sai da na ɗumama abincinsa, domin ya manta da shi. Kafin azumi ya kama, teloli suna layi a ƙofar gidanmu. Bayan salla ya kama shagon da kuka sani.

Inna ta dawo ana saura kwanaki babbar salla. Ba ta aiko ba, ba ta ce komai a kan abin da ya wuce ba. Ta sauka da kayanta, ta leƙa tukunyata, ta ce miyar gidan Sani gishiri ya yi mata yawa, ita hawan jini gare ta. Na shimfiɗa mata tabarma. Har ta rasu ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Amma atamfar da ta sa a bikinki, Sadiya, a shagon Alhaji Ɗanlami ta saye ta, a hannun Obinna, ta dawo tana cewa yaron nan akwai ladabi, sai ka ce a cikin gari aka raine shi. Ya riƙe shagon nan har Alhaji ya tsufa ya miƙa wa 'ya'yansa.

Ba zan ce muku abin bai bar tabo ba. Akwai dangin da har yau gaisuwarmu daga nesa ce. Kuma ba zan ce muku duk wanda ya yi irin abin da na yi zai ga irin ƙarshen da na gani ba. Allah ne ya dube mu. Shekaru bayan haka, aiki ya yi wa Abbanku yawa har yana buƙatar wanda zai riƙe masa reshe na biyu. Wata safiya na hau bene na tarar da shi a ofis, zaune gaban teburin Madam, ta kawo masa shayi suna hira. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu. Ya ce ya zo ne a matsayin mai shago, yana so a zaɓo masa mutum, kuma 'ya'yan 'yan uwansa har sun fara kamun ƙafa wurin manya. Na ce to ai bisa ƙa'idarmu ni ba zan zauna ba, tunda na san wasu daga cikinsu. Ya ajiye kofin, ya dube ni, wannan karon sosai, ya ce:

"A'a, Bilki. Madam ta yi haƙuri, ke nake so ki zauna. Ai na ga aikinki."